Fitilar mota ta dushe: halojin, LED, zenon ko gyaran waya, wanne ya dace da hanyoyin Tahoua?

Bara cikin hunturu na baro Konni bayan magariba zan koma Tahoua. Ana gab da Badagishiri hazo ya sauka, ban ankara ba sai ga ƙafafun jaki a gabana. Amalanke ce shaƙe da kara, ba fitila ba ƙyalle, yaro zaune a sama. Allah Ya kiyaye, na kauce ta hagu, aka yi sa'a babu mai tahowa. Washegari ko kumallo ban karya ba na nufi wajen dattijon da ke yi mini gyaran wutar mota, na ce ya saka mini farin ƙwan nan na LED da kowa ke yayi.

Ya dube ni ya ce, "Malam, kafin ka sayi sabon guga, leƙa rijiyar tukuna." Na ce, "Baba, ni dai haske nake so." Bai tanka ba. Ya sa yaronsa ya tada mota ya kunna kod, wato ƙaramin hasken da ake gifta mota da shi, ya ɗora mitar awon wuta a kan batir: volt 14.1. Ya zagayo ya soka ta a bayan ƙwan fitila: volt 11.8. Fiye da volt biyu sun zube a hanya tsakanin batir da ƙwai. Ƙwan halojin, irin mai zare da ke motata, an ƙera shi ya ba da cikakken haskensa a volt 13.2, kuma in wuta ta ragu da kashi goma cikin ɗari, haske yana raguwa da kusan kashi talatin. Ashe ƙwaina lafiyarsa lau, yunwa ce ke damunsa.

Wanda fitilarsa ta dushe yana da hanyoyi biyar a gabansa, kuma duk wanda ya tambaya zai yabi abin da ke cikin shagonsa. Ga abin da nake auna su da shi.

Ma'auni biyar

Na farko shi ne hasken da ya sauka a kan kwalta, ban da ƙyallin da ke birge wanda ya tsaya gaban mota. A gudun kilomita 90 a awa, mota tana cin mita 25 a kowane daƙiƙa. Kafin ido ya gani, ƙafa ta kai birki, mota ta tsaya, an ci wajen mita 70 a busasshiyar kwalta mai kyau. Kod mai lafiya da ƙyar yake kaiwa nan. Wanda ya dushe kuwa sai dai addu'a.

Na biyu kuɗi, har da ladan mai gyara da abin da za ka sake fitarwa bayan wata shida. Farashi ba ya zama wuri ɗaya a kasuwa, shi ya sa zan riƙa gwada komai da kuɗin ƙwan halojin mai kyau. Na uku juriya: zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, ƙurar hunturu, da gargadar hanyoyin ƙauye. Na huɗu, in abin ya mutu maka da dare a Tabalak ko Abalak, za ka samu madadinsa? Na biyar haɗari, kuma iri biyu ne: wanda zai sami motarka, wato narkewar waya da gobara, da wanda za ka ja wa mai tahowa in ka kashe masa ido.

Kafin a sayi komai

Yadda fitila ta lalace yakan nuna inda ciwon yake. In gefe ɗaya ne ya mutu, galibi ƙwai ne ko mazauninsa. Musanya shi da na ɗaya gefen, ka ga ko matsalar ta bi shi. In duka biyun suka ɗauke lokaci guda, da wuya a ce ƙwai biyu sun mutu tare, sai a duba fizibil mai katse wuta in ta yi yawa, da rele, wato ɗan makunnin da wuta ke kunnawa, da makunnin da ke jikin sitiyari. Fizibil launinsa ke faɗin ƙarfinsa: ja amper 10, shuɗi 15, ruwan ɗorawa 20. A mayar da irin wanda aka cire. Masu naɗa zaren waya ko takardar kwalin sigari a gurbinsa, sun cire mai gadi ne sun bar ƙofa a buɗe. Fizibil da ke ta ƙonewa yana faɗa maka akwai wayar da ta goge tana taɓa ƙarfe.

In fitila tana lumshewa duk sa'ad da ka taka birki ko ka kunna sigina, nemi mas, wato wayar da aka ɗaure a jikin ƙarfen mota. In haske yana dushewa sosai a tsaye, ya dawo in ka taka totur, a duba alternata mai cajin batir da bel ɗinta. Batir mai lafiya yana nuna wajen volt 12.6 a kashe, in inji na aiki kuma tsakanin 13.8 da 14.4. Motar da ke cin ƙwai duk wata biyu, a auna ta: in ta haura 15, regilata mai daidaita ƙarfin wuta ce ta lalace, kuma ko ƙwan zinariya ka saka zai ƙone. Ƙarin kashi biyar kacal a kan wutar da aka tsara yana raba rayuwar halojin biyu.

Wannan awon ba ya cin minti goma. Mai gyaran da ya fara kwance fitila bai ɗauko mita ba, ka ce masa za ka je ka dawo.

Zaɓi na ɗaya: gyara hanyar wuta, a bar halojin

Shi ne mafi arha, kuma shi ne wanda ba a tallarsa don babu riba a ciki. A motata, mas ɗin yana bayan fitilar dama, ɗaure da ƙusa mai lamba 10. Da aka kwance, ƙarƙashinsa ya yi kore da tsatsa, ga jar ƙasa ta daskare. Yaron ya goge da takardar yashi har ƙarfe ya yi ƙyalli, ya ɗaure, ya shafa girisi a kai. Mazaunin ƙwan hagu kuma ya yi baƙi ya soma narkewa, aka yanke aka sa na tangaran. Mita ta tashi zuwa 12.9.

Sauran asarar tana cikin tsofaffin wayoyi da makunni. Maganinta shi ne a ja waya mai kauri kai tsaye daga batir, da fizibil ɗinta kusa da kan batir, a sa rele biyu, ɗaya na kod ɗaya na far, wato babban haske mai kaiwa nesa. Makunnin sitiyari sai ya koma ba da umarni kawai, nauyin ya bar kansa. Abin lura a nan: tsofaffin Toyota da yawa ta ɓangaren mas suke kunna fitila, ba ta ɓangaren wuta ba. Wanda bai san haka ba zai haɗa maka rele, far ya ƙi mutuwa ko alamar shuɗin da ke gaban direba ta daina kamawa. Tambaye shi kafin ya yanke waya.

Shi kansa ƙwan, H4 mai zare biyu yana cin wat 60 a far da 55 a kod, H7 mai zare ɗaya wat 55. Rayuwarsa awa ɗari biyar ce zuwa dubu. Na Osram da Philips na gaske suna da inganci, amma jabu sun yi yawa, sai a dubi kwali da rubutun da ke gindin ƙwan. Waɗanda aka shafa wa shuɗin fenti don su yi kama da zenon, fentin haske yake ci. Masu alamar ƙarin haske kuwa suna ƙarawa da gaske, sai dai ba sa daɗewa. Kada a riƙe gilashin da yatsa, maiƙon hannu yana sa wurin ya yi zafi ya kumbura. A canza biyun tare.

Raunin halojin a fili yake: haskensa ja-ja ne, yana jan wuta, kuma gargada tana tsinka zarensa. Amma duk garin da ke da tasha za ka same shi, kuma in hazo ya yi kauri, ni dai idona ya fi hutawa da shi a kan farin da ke dawo mini a fuska.

Zaɓi na biyu: halojin mai wat 100

Ba zan daɗe a kansa ba. Ƙwai mai wat 55 yana jan amper huɗu da ɗoriya, mai wat 100 yana jan wajen takwas, a kan wayar da ba a yi ta don haka ba. Mazauni ya narke, makunni ya ƙone, madubin cikin fitila ya yi toka-toka, murfin roba ya gasu. Kuɗinsa kusan ɗaya da na talaka, shi ya sa yake ruɗar mutane. In fitilarka ta gilashi ce da madubin ƙarfe irin ta tsofaffin Land Cruiser, kuma an sa rele da mazaunin tangaran, zai yi aiki. In ba haka ba, kana sayen hasken wata uku da kuɗin sabuwar fitila.

Zaɓi na uku: LED

Nan ne gardamar take, don yana da kirki na gaske kuma yana da sharri na gaske.

Kirkinsa: yana cin wuta kaɗan, galibi rabin na halojin ko ƙasa, saboda haka tsohuwar alternata tana samun sauƙi. Ba shi da zaren da gargada za ta tsinka. Yana kamawa nan take, allunan hanya masu ƙyalli kuma suna fitowa sarai.

Sharrinsa yana buƙatar a fahimci yadda fitila take. Madubin da ke bayan ƙwai an lanƙwasa shi ne daidai da ɗan zaren halojin, wanda tsawonsa bai wuce ƙwayar shinkafa ba, kuma yana zaune a wuri ɗaya tak. Daga nan ne madubin ke tattara haske ya kwantar da shi a hanya, ya yanke shi a sama don kada ya shiga idon mai tahowa. LED kuwa ƴan ƙwayoyi ne manne a fuska biyu na wani faranti. In farantin ya yi kauri, ko ƙwayoyin sun gota daga gurbin zaren ko da milimita biyu, haske sai ya watse. Gaban mota ya yi fari tas kamar tsakar gida, direba ya ji daɗi, amma mita hamsin gaba duhu ne, idonsa kuma ya ƙanƙance saboda hasken kusa. Ragowar ya tafi sama, cikin idon ɗan kabu-kabu da direban babbar mota. Duk wanda ya bi hanyar Tsernawa da dare ya san abin da nake nufi: mai tahowa yana kan kod amma ka rantse far ne, ka yi masa alama, sai ya kunna maka far na gaske. Daƙiƙu uku da kake makance bayan kun gifta, a cikinsu ake hawa kan amalanke.

Lambobin da ke jikin kwali kuma kada su ɗauke maka hankali. Da lumen ake auna haske: H7 na halojin lumen 1500 yake bayarwa, zenon na masana'anta wajen 3200. Kwalin da ya ce dubu ashirin ko hamsin, tatsuniya ce.

Sai batun zafi. LED ba ya zafi ta gaba, amma gindinsa yana zafi, shi ya sa ake manna masa ƴar fanka. Fanka da ƙurar Adar ba sa shiri. Ta cushe, ta tsaya, ƙwai ya rage haske ko ya soma ƙiftawa. Mafi muni, sau da yawa gindin ba ya shiga ƙarƙashin murfin robar da ke bayan fitila, sai mai gyara ya jefar da murfin. Hunturu ɗaya ya isa madubin ya sha ƙura, damina ta zo ta ƙara da raɓa. Motoci masu kwamfuta kuma, irin na Jamus na bayan shekarar 2000, sukan ɗauka ƙwai ya mutu saboda ƙarancin wutar da yake ja, su kunna alama ko su riƙa yanke masa wuta.

Wanda ya nace, ga sharuɗɗa. Ya nemi mai siririn faranti wanda ƙwayoyinsa suka yi daidai da tsawon zaren halojin. A saka shi ƙwayoyin suna kallon hagu da dama, ba sama da ƙasa ba. Murfin baya ya koma. Sannan a yi ciniki da mai shago cewa za a gwada a jikin bango da dare: in layin saman haske ya fito a yanke kamar da wuƙa, an dace, in ya yi dishi-dishi a mayar masa. Fitila mai dunƙulen gilashi a gaba kamar idon sa ta fi karɓar LED a kan mai buɗaɗɗen madubi. Mai kyau yana ninka kuɗin halojin sau biyar zuwa goma, mai arha kuma bai cancanci ladan sakawa ba.

Duk wannan bai shafi motar da ta zo da LED daga masana'anta ba. Ita an ƙera madubinta da shi, tana da kyau ƙwarai, illarta kawai in ta mutu sau da yawa sai an sayi fitilar ɗungurungum.

Zaɓi na huɗu: zenon

Wat 35 yake ci, ya ba da ninki biyu na hasken H7, ya yi awa dubu biyu ko fiye. Ba shi da zare, tartsatsi ne ke ci a cikin iska, kuma don ya tashi sai wani akwati da ake kira balas ya harba masa volt sama da dubu ashirin. Wannan ba wurin sa hannu ba ne in makulli na kunne. A Turai ba a yarda da shi sai da na'urar daidaita tsayin haske da ta wanke gilashi, saboda ƙarfinsa. Sa shi a buɗaɗɗen madubin halojin ya fi LED kashe ido. Yana kuma ɗaukar daƙiƙu kafin ya cika, don haka bai dace da far da ake kunnawa ana kashewa ba. Balas na kasuwa ba ya son ruwa, wankin inji ɗaya ko kududdufin damina yana gamawa da shi, kuma ba za ka same shi a ƙauye ba.

Wanda motarsa ta zo da shi, mai ƙwai D1S ko D2S, ya zauna a kai. In haske ya koma ruwan hoda ko yana ɗaukewa ya dawo, ƙwan ya tsufa. Musanya hagu da dama kafin ka zargi balas, don ya fi ƙwan tsada nesa ba kusa ba.

Zaɓi na biyar: gilashi da madubi

Yawancin motocin da aka ƙera daga tsakiyar shekarun 1990 murfin fitilarsu roba ce. Rana tana cinye fatar da ke kāre ta, yashi yana karce ta, sai ta koma kamar ruwan tsamiya. Ko wane ƙwai ka sa a baya, rabinsa a ciki zai tsaya. Man goge haƙori yana wanke ta na sati biyu ko uku. Aikin gaske shi ne takardar yashi da ruwa, a fara da lamba 800, a bi da 1500, a gama da 2000 ko 3000, sannan a fesa bernin da ke tare rana. In aka tsallake berni, kafin shekara ta koma gidan jiya.

Leƙa ciki da tocila. In madubin ya yi baƙi ko yana ɓarewa a saman ƙwai, guga ba ta da amfani, sai wata fitilar. Ta asali ƴar Kwatano mai lafiyayyen madubi ta fi sabuwa ta kwaikwayo, wadda ke ƙyalli a shago amma ba ta iya tattara haske. A duba kunnuwan da ake ɗaure ta, a duba ƙusoshin daidaitawa suna juyawa. A duba rubutun jikin murfin kuma: kibiya mai kai ɗaya kusa da haruffan HC ko HCR tana nufin an yi ta don ƙasashen da ke tuƙi a hagu kamar Ingila, kuma a hanyarmu za ta ɗaga haske ne zuwa fuskar mai tahowa.

Kowanne ka zaɓa, a daidaita fitila a ƙarshe. Tsaya mita 10 daga bango a wurin da ƙasa take daidai, ba tudu ba gangare, auna tsayin tsakiyar fitila, layin kod ya sauka santimita 10 zuwa 12 ƙasa da wannan. Galibi an rubuta 1.0% ko 1.2% a jikin fitilar. Kyauta ne, kuma na ga motocin da wannan kaɗai ya warkar.

| Zaɓi | Kuɗi | Juriya a nan | Samu a hanya | Haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Halojin da gyaran waya | Kaɗan | Matsakaici | Ko'ina | Kaɗan |
| Halojin wat 100 | Kaɗan, ɓarna daga baya | Gajere | Ko'ina | Narkewar waya da madubi |
| LED na sakawa | Ninki 5 zuwa 10 | Ya danganta da fanka | Manyan garuruwa | Kashe ido in bai zauna daidai ba |
| Zenon na sakawa | Kusa da LED | Balas ba ya son ruwa | Da wuya | Kashe ido, wuta mai ƙarfi |
| Gugar murfi | Kaɗan | Shekara ko biyu da berni | Ba a buƙata | Babu |
| Fitila ƴar Kwatano | Mafi tsada | Mai tsawo | Ba a buƙata | Sayen ta ƙasashen da ke tuƙi a hagu |

Wa ya dace da wanne

Ɗan taksi da mai yawo cikin gari, inda gudu bai wuce hamsin ba kuma fitila tana kunne awa da awa: halojin na talaka, mas mai tsabta, murfi gogagge. In alternatarsa ta gaji kuma yana yawan tsayuwa da inji a kunne, LED mai kyau da ya ci jarrabawar bango zai rage wa batir wahala.

Mai doguwar tafiya, Tahoua zuwa Yamai ko Agadas: rele biyu, halojin na gaske, ƙwai ɗaya da fizibil uku a aljihun mota. In yana son ƙari don daji, ya sa fitilar taimako daban a kan layin far da nata rele, ta mutu da zarar ya koma kod. Wannan ya fi cusa wa kod abin da ba nasa ba.

Mai hawa gargada zuwa kasuwannin ƙauye wanda zare ke tsinke masa kullum: ya fara duba ko fitilar tana girgiza a mazauninta da ko regilata na wuce gona. In duka lafiya, shi ne wanda LED marar fanka, mai sanyaya kansa da jikin ƙarfe, zai fi yi wa rana.

Mai motar da ta zo da zenon ko LED: ya mayar da irin abin da ya tarar, ya nemi mai gyaran da ke da na'urar karanta kwamfutar mota, kada a yanke masa waya da ka.

Ni na tsaya a zaɓi na ɗaya, na haɗa da guga. Ƙwai biyu, rele biyu, waya, mazauni da ladan Baba, duka ba su kai kuɗin LED ɗin da na je saye ba. Da aka gama ya sake soka mitarsa a bayan ƙwan, ta nuna 13.6, ya ce wa yaron ya juya motar ta fuskanci katangar makwabta a jira duhu.